Wasan da Ba a Tashi



Duk inda mutum ya zauna a Yamai yanzu, in dai zaman ya ɗan ja, sai maganar waya ta faɗo. A cikin faba-faba, a ƙofar masallaci bayan lisha, a rumfar suna ko ta ɗaurin aure, zancen ba ya canzawa: manya na cewa waya ta cinye yara, yara na cewa tsofaffi ba su san inda duniya ta dosa ba. Kowa da guntun gaskiyarsa, sai dai ba a cika zama a warware ta ba, don mai faɗan bai taɓa riƙe manet ba, wanda ake yi wa faɗan kuwa ya toshe kunnuwansa da abin jin kiɗa. Ni dai alli na riƙe shekara da shekaru a makarantun garin nan. Na ga zamanin da abin da mushe ke ƙwacewa a aji bai wuce karta da danƙon harbin tsuntsu ba, na kuma ga zamanin da aljihun teburinsa ke cika da wayoyi. Ɗana, ɗiyata, ku ba ni aron hankalinku, hira za mu yi.

Da farko ku san cewa wannan kukan ya girme ku, ya ma girmi iyayenku. A 1966 Moustapha Alassane ya yi wani fim mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati shaƙe da kayan kaboyi. Ya rarraba wa abokansa malafa da takalma da bindigogi, kowa ya jingine sunan da aka raɗa masa ya ɗauki na ƴan fim, suka haye dawakai suka hana ƙauye sakat. Marigayiya Zalika Souley tana cikinsu, tana ƴar budurwa. A lokacin finafinan kaboyi ne ke cika gidajen silima, samari na fitowa suna tafiya hannu a ƙugu kamar masu shirin zaro bindiga. Waɗannan samarin su ne tsofaffin da kuke gani yau a sahun gaba da carbi. Bayan kaboyi aka yi kukan finafinan Indiya da na karate, sai kaset ɗin bidiyo da finafinan Kano, sai parabol. Kowanne ya zo an ce shi ne zai yi wa tarbiyya jana'iza, ga shi kuwa har yau ana haihuwar ƴaƴa na gari. Ita kanta talabijin ta ƙofar lakkol ta shigo ƙasar nan a 1964, ana karantar da yara da ita, tun ba a yi Télé Sahel ba.

Na san abin da za ku ce: to, Baba, ai sai a ƙyale mu, namu ma zai wuce. A nan nake so ku dakata, don akwai abu guda da ya raba naku da duk waɗancan, kuma ban cika jin ana ambatonsa ba.

Duk wasan da muka sani a da yana da lokacin tashi, kuma ba mai wasan ke yanke shi ba. Fim ya ƙare a Zabarkan ko Jangorzo, a kunna fitilu, mai gadi ya ja ƙofa, ko kana so ko ba ka so ka kama hanyar gida. Télé Sahel in dare ya yi sai ta rufe tasha. Dara ramuka 30 ce a cikin rairayi, kowa da ƴaƴansa 12. In aka cinye naka har ka kasa jera uku an gama, in kuma wasan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ladanin magariba zai raba ku, don ba a ganin rami a duhu. Langa da wasan dandali na farin wata ne, wata ya faɗi kowa ya watse. Shayin fada kofi uku ne, na huɗu ruwan zafi. Har shagon PlayStation na unguwa, wanda iyayenku suka yi ta tsine wa, yana da wannan alherin: ka ba da dala ashirin ɗinka, ka buga wasanka, kuɗi ya ƙare, na bayanka ya miƙo hannu ya karɓi manet. Aljihu da layi suna yi maka iyaka.

Wasan da ke cikin wayarka ba shi da mai gadi, ba ya jin duhu, babu kuma mai jiran ka tashi ya zauna. Kada ka ɗauka mantuwa aka yi. Haka aka gina shi, kuma waɗanda suka gina shi sun san aikinsu.

Ɗauki Free Fire, tunda shi na fi jin ƙararsa a ƙofar gidaje. Kamfanin Garena na Singafo ya fito da shi a 2017. Mutum 50 ake saukewa a tsibiri, a yi ta harbe-harbe har saura ɗaya, duka-duka cikin kamar minti 10. Wa zai ce minti 10 wani abu ne? In an kashe ka da wuri, haushi ya sa ka sake shiga. In ka ci, daɗi ya sa ka sake shiga. Ko ta ina ka bi, ciki kake komawa. Sannan ga kyautar da ake ba wanda ya leƙo kullum, ga matsayin da ake hawa wanda ake maido da shi baya in zango ya ƙare don a sake tsere, ga kayan da ake cewa yau kaɗai za a same su. Wanda ya fi duka ƙarfi kuwa shi ne wasan ƴan huɗu-huɗu. Abokanka uku na jiran ka, in ka ce barci kake ji ka watsa musu ƙasa a ido. Ka ga an ɗauki kunyarka da riƙon amanarka, abubuwan da uwarka ta sha wahala ta dasa maka, an ɗaure ka da su. Shi ya sa ba na yarda in ji an ce yaran da wasa ya riƙe marasa tarbiyya ne. Sau da yawa masu kirkin ne suka fi shan wuyar tashi.

An yi wani masanin halayya a Amurka, B. F. Skinner, da ya daɗe yana gwaji da tattabaru tun ba a san wayar hannu ba. Ya lura cewa tattabarar da ta saba samun tsaba duk sanda ta caki maɓalli, in tsaba ta yanke nan da nan take haƙura. Wadda kuwa ake ba wani lokaci a hana ta wani lokaci, ba ta san ranar samu ba, ita ce ke ta caka ba ji ba gani. Da wannan dabarar injin caca ke aiki, da ita kuma akwatunan sa'a na cikin wasanni ke aiki, inda kake biya ba ka san abin da zai fito ba: ko Mbappé, ko wani ɗan wasan da ko a garinsu ba a san shi ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a wasu manyan wasanni, har da FIFA, ta ce caca ce. Yaron unguwar Talaje kuwa daga shi sai wayarsa.

Za ka ce ai kyauta ka sauke wasan. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗana. Kamfanin da ke biyan ɗimbin ma'aikata ba sadaka ya fito yi ba. Yana ci ta talla, yana ci ta lu'ulu'un da kake saya don yi wa mutum-mutuminka sabuwar riga, kuma kafin duk wannan ka riga ka biya forfe. Zauna da biro ka yi lissafi. In dala ɗari ce ke fita kullum tsakanin forfe da caji da ƴan saye-saye, jika 15 ke nan a wata, jika 180 a shekara. Je ka Babbar Kasuwa ka tambayi kuɗin keken ɗinki, ko na kwamfutar da aka ɗan yi amfani da ita. Sannan ka tambayi kanka daga ina dala ɗarin take fitowa. Yawanci kuɗin karin kumallo ne, ko canjin cefanen da ba a maido ba, ko abin da yayanka ya turo daga wurin haƙar zinariya ko daga Aljeriya, yana zaton littafi za a saya. Na san wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ta ba ɗanta lambar sirrin asusun wayarta, don ita ba ta iya karatu ba. Yaro ne mai ladabi, kullum cewa yake a ransa zai mayar kafin ta lura. Ranar da ta tashi sayen buhun wake aka ce mata babu komai a ciki. Dangi sun haɗa sun maido mata da jarinta. Amma har yau maƙwabciya take kai wa wayarta in za ta duba asusu, ɗanta na zaune a tsakar gida.

Daga nan zuwa cacar ƙwallo taku ɗaya ne, kuma na ga yadda ake yin takun. Yaro ya shekara yana buga eFootball ko FC, ya haddace sunan kowane ɗan wasa a Ingila da Sifaniya, har ya fara jin ya fi koci sanin ƙwallo. Sai wani a fada ya zaro takardar da ya ci kuɗi masu kauri da ƴan canji. Ba wanda ke yawo da takardun da suka faɗi. Waɗannan iska ke kwashe su zuwa kwalbati. Hukuncin caca a addini kun san shi, ba sai na buɗe muku littafi ba. Abin da zan ƙara na lissafi ne, tunda shi na koyar. Mai kamfanin ne ke tsara rabon, kuma ya tsara shi yadda in aka tara abin da jama'a suka zuba, abin da zai fitar ba zai kai shi ba. Saninka da ƙwallo ba ya taɓa wannan lissafin. Ba sai ka yi nisa ba za a nuna maka wanda ya sayar da babur ɗin da ba nasa ba don ya rama asara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Asarar barci kuwa ta fi ta kuɗi yawa, don ita ba a ganin fitarta. Kun san Afrilu da Mayu a Yamai: zafi ya haura digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa, kuran ya ɗauke, kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Sai dare ya raba iska ke ɗan sanyi, a daidai lokacin kuma rezo ya fi gudu, forfen dare ya fi araha. Likitoci na cewa matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya ajiye waya ƙarfe uku, aka tashe shi da asuba, ya shiga aji ƙarfe takwas, gangar jikinsa kawai ya kawo. Ba sai an faɗa wa malami ba, daga ido yake ganewa, da yadda yaro ke kwafar allo layi bayan layi ba tare da kalma ɗaya ta shiga kansa ba. Abin takaicin, watannin zafin nan su ne na ƙarshe kafin jarrabawar BEPC da Bak. Yaro mai kai, wanda ya haddace taswirar tsibiri kakaf da inda kowace bindiga take, sai ya zo ya faɗi a kan abin da bai kai rabin wannan wuya ba. In ka yi masa magana ya ce zai dage a makon ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma wani ya tsorata ku da cewa duk mai wasa majinyaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka a 2019, ita da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kai su can. Alamomin da ta bayar uku ne, kowa na iya auna kansa da su: linzamin farawa da na bari ya kuɓuce maka, wasan ya hau kan sauran al'amuranka, ci da karatu da mutane, kuma kana ganin ɓarnar da yake yi maka ƙiri-ƙiri amma ka ci gaba. In haka ta ɗore kamar shekara guda, abin ya wuce wasa. Mu a garin nan ma an yi mana awon ba da shirinmu ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓe, intanet ɗin waya ya ɗauke kusan kwana 10. A Agustan 2023 kuma Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa. Ba siyasar abin ta kawo ni nan ba. Ka tuna kai yaya ka kasance. Akwai waɗanda suka yi tsakin kwana biyu suka koma ƙwallon yamma da karta. Akwai kuma waɗanda suka riƙa taka ƙafa daga Bukoki har Plateau neman inda janareta ke ruri, suna huci, ba mai iya yi musu magana a gida. In kana cikin na biyun ba abin kunya ba ne, amma ka nemi babba wanda ka yarda da shi ku zauna a kan maganar.

A Sin hukuma ce ta shiga tsakani. Tun 2021 yaron da bai kai shekara 18 ba, awa guda-guda aka yarda ya yi wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ran Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ƙasar Tencent ke nan, kamfanin da ke cikin mafiya girma a harkar wasanni a duniya. Ban ce a yi mana haka ba; yaran can ma suna zagayewa da sunan iyayensu. Ina dai so ku ga cewa waɗanda suka fi kowa sanin kayan sun san ba ya tashi da kansa. A gidanku kuwa, mahaifinka ba zai iya tsare ƙofar da bai san inda take ba. Ya ƙwace waya, ka ari ta aboki. Saura kai.

Ga abin da na ga yana yi wa waɗanda suka gwada aiki. Lokacin tashi kafin a zauna ake yanke shi, don wanda ke tsakiyar wasa ba shi da shawara. A kuma rataya shi ga abin da ba ya jin roƙo, kiran salla ko sauke butar shayi ta uku. "Bari in ci wannan" ba lokaci ba ne. Ka faɗa wa abokan wasanka tun farko cewa kai ƙarfe kaza kake sauka. Za su yi maka tsiya na ɗan lokaci, daga baya za ka ga wani ya bi sahunka, don shi ma yana neman wanda zai fara. Waya ta kwana nesa da shimfiɗarka. Saƙonnin da wasa ke turowa yana kiran ka a rufe su, akwai wurin rufewa a cikin wayar. Kuɗin wasa a ware na mako, in ya ƙare ya ƙare. Zan ma faɗi abin da wasu iyaye ba za su so ji ba: na fi son in ga yaro a shagon PlayStation ko a fada, su shida a kan manet biyu, ana ihu ana dariya ana karɓa-karɓa, da in gan shi shi kaɗai a ɗaki ya ja ƙofa. Uwa in ta ga ɗanta na ɗaki sai hankalinta ya kwanta, ta ce ai ba ya yawo. Yana yawo, Hajiya, inda ƙafarki ba ta zuwa.

Ɗiyata, kada ki ce wannan zancen maza ne. TikTok ba shi da shafin ƙarshe. Ko kin kwana kina ja da yatsa wani bidiyon zai fito, kuma ana lura da inda kika daɗe a ƙaro miki irinsa. Ƙirgen waɗanda suka duba abin da kika ɗora kuwa tsabar tattabarar nan ce, yau da yawa gobe kaɗan. Duk abin da na faɗa wa ɗan'uwanki na barci da na lissafi ya hau kanki. Sai ƙari guda, wanda ya fi shafar ki, saboda mutanenmu sun fi tsananta wa mace a kan abin da suke yafe wa namiji, ko da yake ba adalci ba ne. Hoto da saƙon murya in sun bar wayarki sun bar hannunki. Wanda kika tura wa yau yana rantsuwa, gobe kun ɓata, ko an sace wayarsa, ko ya kai ta gyara. In wani ya riƙe hotonki yana yi miki barazana, kada ki biya shi, kada ki ƙara masa wani, kada kuma ki haɗiye abin ke kaɗai. Ki gaya wa mahaifiyarki ko innarki ko malamarki. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma shi ne mai abin tsoro a gabanta. Ku duka biyun kuma ku san cewa a Yunin 2024 an ƙara wa dokar tsanani, an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa har da shaida take tafiya. Kada ku dogara da "ni ma turo mini aka yi".

Don Allah kuma ku daina miƙa wa ƙannenku na goye waya don su yi shiru. Hukumar lafiyar nan ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini. Yaro daga bakin da ke amsa masa yake koyon magana.

Alherin wayar ban manta da shi ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, yau tana danna WhatsApp ta aika murya har Makka ko Abijan, ta ji kukan jikanta. A da sai an nemi mai rubuta wasiƙa, a zauna jiran amsa. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni na samun littafin da babu shi a laburare. Ko a wasannin ma na ga yaran da suka tsinci Ingilishi, suka koyi yanke shawara cikin gaggawa da aiki tare. Sai dai abin da aka yi don na nesa kada ya raba ka da na kusa. Gaisuwar mutuwa ga wanda ke Lazare, kai kana Yantala, ba a yin ta da ɗan hoton hannuwa biyu. Zumunta a ƙafa take.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Duk wasannin nan da kuke bugawa a Singafo da Japan da Koriya da Sin da Amurka aka yi su, mu namu dannawa da biya. Alhali garin nan ba baƙon ƙira ba ne. Ku shiga Katako ku ga yadda ake narka gwangwani da tarkacen mota a zuba tukunya. Ku dubi masu gyaran waya a bakin kasuwa, da yawansu a gefen ubangida da YouTube suka koya, ba wanda ya ba su takarda. Shi Alassane ɗin da na ambata makanike ne kafin ya zama mai fim, kuma da hannunsa ya zana kwaɗin Bon voyage Sim, hoto bayan hoto, tun zanen motsi bai zama ruwan dare a Afirka ba. Abdou Maman Kané ya dubi wayar da kowa ke hira da ita ya mai da ita makunnin famfon ban-ruwa, manomi na gida ya danna ruwa ya zuba a garka. Wannan ya ba shi babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015. A fagen wasan ma an fara. Mahaman Sani Housseyni Issa, a nan Yamai, ya yi Les Héros du Sahel da jaruminsa Shamsou mai ƙarfin rana. A Kamaru su Olivier Madiba sun fito da Aurion a 2016, bayan sun sha fama da ɗaukewar wuta irin tamu. Cibiyar CIPMEN tun 2014 take karɓar matasa masu irin wannan tunani.

Kai da ka san abin da ke sa wani wasa daɗi wani kuma lami, ka riga ka mallaki ilimin da ni ba ni da shi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba; a wannan fagen kam ku ne masu gani, mu lalube muke. Abin da ya rage shi ne ku leƙa yadda ake haɗa shi. Scratch, wanda jami'ar MIT ta yi don masu koyo, kyauta ne, yana da Faransanci, kuma in an sauke shi a kwamfuta ba ya neman intanet. Godot na haɗa wasa da Blender na zane su ma kyauta ne, ba kuma wanda zai biyo ka da tallar lu'ulu'u. Awa ɗaya daga cikin waɗanda kake ba tsibirin nan ta isa farawa. Ke ma, ɗiyata, kujerar gaban kwamfuta ba a rubuta sunan namiji a jikinta ba.

In kuna neman abin da za ku fara da shi, ga kokawa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ba abin da ke tara hankalin ƙasar nan wuri guda kamar ta. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokawarta goma, ga makaɗa, ga masu kirari, ga layu da rangwaɗar shiga fili, ga gwanaye tun daga Kantu na Maraɗi har zuwa Issaka Issaka na Doso. Duk abin da mai haɗa wasa ke nema yana nan a shirye, har da ƙa'ida mai sauƙi, kaye ɗaya ya raba gardama. Tun Maris 2025 kundin ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka mai sharhin wasan ya yi da Hausa, a sa wani ya yi da Zabarmanci. Aikin farkon ma ba ya bukatar kwamfuta. In an buɗe fili kusa da ku, ku je da wayar nan taku ku ɗauki sautin ganga da sowar jama'a. Ku zauna da tsohon ɗan kokawa ya faɗa muku sunan kowane kamu da yadda ake warware shi, ku rubuta. Ku nemi izininsa kafin ku ɗauke shi hoto, ku kuma tafi masa da goro.